Ja-da-baya, Jirgin Sumana

Inna, kakata ta wajen uba, bandar kifi ce sana'arta, kuma a gindin wutar bandar nan na ji kusan duk abin da na sani game da tungarmu. Tungar ƙarama ce, a bakin Kwara cikin ƙasar Bagudo, kusa da iyaka ƙwarai, har idan iska ta juyo mukan jiyo kiran salla daga ƙauyukan Binin. Da an yi magariba an ci tuwo sai mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙin yana korar sauro, kuma wani lokaci kan tarwaɗa yakan ɓalle ya faɗo cikin toka, wanda ya riga ɗauka shi ke da shi. Ita kuwa tana kan 'yar kujerarta tana juya kifi da yatsu kamar ba wuta ba ce a ƙasa, idanunta jajur saboda hayaƙin shekara da shekaru. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara.

Inna ba mai saurin yarda ba ce. Ba ta sayen gishiri sai ta lasa. Idan baƙo ya yi sallama, ƙafarsa take fara duba kafin fuskarsa, ta ga laka ce ko ƙura, don ta san ta ruwa ya zo ko ta tudu. Ko mu jikokinta, idan ta aike mu muka dawo da saƙo, sai ta sake tambayar wani daban ta ji ko bakinmu zai zo ɗaya.

A bayan tungar, ƙarƙashin wata tsamiya, akwai gawar wani tsohon jirgi da ake kira Ja-da-baya. Lokacin da na yi wayo katakonsa ya zube, saura haƙarƙari a tsaye, awaki na kwana a inuwarsa. An hana mu wasa a wurin, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana dalili. Wata rana na saci jiki na je, na ciro wata ƙusa daga jikinsa, ta jan ƙarfe ce da ta yi kore. Da yamma ina juya ta a hasken wuta sai Inna ta miƙo hannu.

"Ina kinka samo wagga?"

"A jikin Ja-da-baya."

Ta dube ta gaba da baya, ta sunsuna, sannan ta mayar mini. "Gobe da sahe ki mai da ita inda kinka ciro ta. Kayan Sumana na. Ko da ranshi ban aje kayanai ɗakina ba."

"Wane ne Sumana, Inna?"

Ta gyara itace a wuta. "Wagga tambaya tun ban haihi ubanki ba muke yin ta," in ji ta. "Ku matso. Na yau ba tatsuniya ba ce, ba sai kun amsa mani ba."

Daga ranar labarin ya zama wanda muka fi roƙo. Ta ba mu shi sau da yawa, wani lokaci guntu, wani lokaci da tsawo har kifin ya gama shan wuta. Ga yadda na riƙe shi.

Shekarar da aka kawo Inna tungar tana amarya, ba a daɗe da tafiyar Nasara ba. Wata safiya mata suna wanki a bakin ruwa sai suka hango wani farin abu yana gangarowa daga sama, daga ƙasar Faransa, kamar yadda tsofaffi ke kiran tsallaken iyaka. Jirgi ne, amma ba irin namu ba. Namu siriri ne, mai tuƙi yana duban inda za shi. Wannan faffaɗa ne, mai ciki kamar ƙwarya, kansa biyu duk masu tsini, an zagaye gefensa da igiya mai saukowa har kusa da ruwa. Mutum ɗaya ne a ciki, da dogayen filafilai biyu a hannunsa, ya ba tungar baya yana tuƙowa.

"Da ƙeya ya shigo muna gari," Inna takan ce. "Duk wanda zai zo wurinki, Takwara, fuska yaka kawo maki. Shi wanga ƙeya ya kawo."

Daga nan jirgin ya sami sunansa.

Mutumin ya ce sunansa Sumana. Badande ne, ɗan wata ƙabila ta tsallaken iyaka, dogo, mai ƙarancin magana, Hausarsa a karye. Ya gaya wa Sarkin Ruwa cewa da can yana aiki a wani babban jirgin Nasara mai hayaƙi, wannan ƙaramin kuwa a gefen babban yake rataye don ceton mutane idan wani abu ya faru. Babban ya kafe a yashi, masu shi suka watse, suka bar masa wannan. Ga liman kuwa cewa ya yi tsintarsa ya yi cikin ciyawa. Matan da ke sayar masa da fura suka ce ya gaya musu gadon wansa ne. Kafin sati ya zagayo an haɗa maganganun uku wuri ɗaya an ga ba su haɗu ba. Duk da haka ba a korar baƙo, sai Sarkin Ruwa ya nuna masa wani fili a ƙarshen tungar, inda ake iya ganin shigarsa da fitarsa.

Abin da ya fi damun mutane shi ne ba a san abin da yake yi da jirgin ba. Ba ya kamun kifi da shi. Ba ya ɗaukar 'yan kasuwa. Da gyaran komar masunta da ɗan lambun albasa yake ci. Jirgin kuwa kullum yana ɗaure a bakin ruwa da wani irin ƙulli da ake warwarewa da fizga ɗaya, filafilai a jere a ciki, kamar mai shirin gudu. Ranar kasuwar tsallake sai ya hau kan gaɓa mai tudu ya zauna tun hantsi, ba ya saye ba ya sayarwa, ruwa kawai yake kallo. Wasu suka ce idon kwastan ne. Wasu suka ce na 'yan fasa-ƙwauri ne. Tsofaffin mata suka ce ba mutum yake yi wa gadi ba. Sannan yara suka leƙa suka kawo labarin cewa ƙarƙashin kowane benci akwai manyan gwangwanaye irin na kananzir, an liƙe bakinsu da dalma, idan ka ƙwanƙwasa sai su amsa.

Kakana Bawa, mijin Inna, a lokacin matashi ne mai son ya san yadda kowane abu ke aiki. Shi da abokansa uku suka riƙa zuwa wurin Sumana da la'asar, yana koya musu tuƙi da baya. Jirgin na mutum huɗu ne, na biyar, wato Sumana, ya tsaya a ƙarshe da dogon filafili yana juya kai, shi kaɗai ke ganin gaba.

Inna takan ce, "Na ce mai, Bawa, kai ba ka gani, shi yana gani. In ya nufi dutse da ku, mi zaka yi? Sai ya yi mani dariya. Kakanku dariya ta yi mai yawa."

Wata ranar kasuwa da yamma, babban kwalekwalen Sarkin Ruwa ya taso daga tsallake da mutane da buhuna da awaki, ƙanen Sarkin Ruwa ne ke tuƙi. Bai kai tsakiyar kogi ba sai aka ga Sumana ya sauko daga gaɓa da gudu yana kiran su Bawa. Sun riga sun yi nisa cikin ruwa kafin kwalekwalen ya karkata ya kife. A ranar aka san amfanin igiyar da ke gefe: waɗanda ba su sami wuri a ciki ba suka riƙe ta, aka jawo su har gaɓa. An fitar da kowa, mace da namiji da yara, sai mutum ɗaya, ƙanen Sarkin Ruwa. Shi aka samu washegari a cikin ciyawa.

Ba a gama zaman makoki ba magana ta fara yawo. Ba a musa cewa Sumana ya ceci mutane ba. Abin da ake tambaya shi ne, ta yaya ya san za a kife? Mutane da yawa sun gani da idonsu, ya kwance jirgi tun kwalekwalen yana tafiya lafiya. Kuma me ya sa cikin duk mutanen, wanda ya fi kowa iya ruwa shi ne ya tafi? Aka fara cewa akwai alkawari tsakaninsa da mutanen ruwa: su bar masa da yawa ya sami suna, shi kuma ya bar musu ɗaya.

Aka kira shi gindin tsamiya, duk tungar ta taru. Inna tana can baya cikin mata, amma ta ce ta ji komai.

"Yaya anka yi ka san jirgi zai kihe?" Sarkin Ruwa ya tambaye shi.

"Kaya ya yi yawa, Sarki. Bakin jirgi da ruwa saura kaɗan. Na gani."

Kwalekwalen kuwa na Sarkin Ruwa ne, kuma kowa ya san shi ke cewa a ƙara kaya. Fuskar Sarkin Ruwa ta canza. Bai bi ta kan maganar ba, sai ya nuna jirgin.

"Mi ke cikin gwangwanayen ga?"

"Iska," in ji Sumana.

Mata suka ja da baya. Wani ya fara salati.

"Mi ka ce?"

"Iska ce a ciki, Sarki. Ita ke riƙe jirgi. In ta fita, jirgi ya mutu."

Na tuna ranar da na fara jin wannan wurin, har na matsa jikin yayata. Da na girma na gane cewa mutumin iskar da muke shaƙa yake nufi, wadda ke hana gwangwani nutsewa. Na taɓa gaya wa Inna haka. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Ke kin sani, don an koya maki a makaranta. Mu abin da munka ji, shi munka ji. Kuma wa ya tabbatar maki wacce yaka nuhi?"

Aka ce ya buɗe ɗaya, ya ƙi. Ya roƙi kada a taɓa, har ya durƙusa, kuma roƙon nasa ya ƙara musu tabbaci. Maƙeri ya kawo ƙusa da guduma ya huda gwangwanin gaba na hannun dama. Wani ɗan huci ya fito mai warin tsatsa. Aka leƙa, aka girgiza, ba komai. Wasu suka ce to ai ga shi, fanko ne. Wasu suka ce ai ta fita ke nan, yanzu tana cikin gari. Ba wanda ya yarda a huda na biyu. Aka yanke cewa a ja jirgin zuwa tudu, kada ɗan tungar ya sake shigarsa. Mahaifin Bawa ya ce masa idan ya sake zama da Sumana, to ya nemi wani uban.

Sumana bai bar garin ba, kuma wannan ma ya zama abin magana. Mutumin da aka yi wa haka, me ya zaunar da shi? Ya kafa rumfar zana a kan jirgin, ya toshe hujin da ƙaro da tsumma, kowace safiya yana zuba wa katakon ruwa don kada ya tsage. Ranar kasuwa kuma ya hau gaɓarsa ya zauna.

Damina ta zagayo, ta yi ƙarfi har ƙarshenta. A tsakiyar kogi akwai wani gungu, tsibiri mai faɗi inda tungar ke noman shinkafa. Ruwa ya fara hawa kafin shinkafar ta gama nuna, sai aka ce kowa ya fita a yanke abin da ya samu. Inna tana da tsohon ciki, cikin babana, amma ta ɗauki laujenta ta bi. Maza suna loda dammuna a kwalekwale suna kaiwa gaɓa, mata da yara suna yanka. Bayan azahar, maza duk suna gaɓa da kaya, sai hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Kogin ya tashi tsaye. Kwalekwale biyu suka gwada komawa, ɗaya ya cika da ruwa tun bai yi nisa ba, mutanensa suka fito da iyo, ɗayan ya juyo. Sarkin Ruwa ya ce kada kowa ya sake shiga sai iska ta kwanta. A gungun kuwa ruwa ya rufe gonaki, matan suka taru a kan wani ɗan tudu da yara a kafaɗa, ruwa yana lasar ƙafafunsu.

Abin da ya faru a gaɓa daga baya Inna ta ji shi. Sumana ya nufi jirginsa. Ya yaye rumfar, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya fara jan jirgin shi kaɗai, jirgin da sai mutum da yawa ke ɗaga shi. Yana ja yana faɗuwa cikin laka. Bawa ya dubi mahaifinsa, mahaifin ya kawar da kai ya dubi wani wuri. Sai Bawa ya je ya kama igiyar, abokansa suka bi shi, daga nan duk wanda ke da mata ko ɗa a gungu ya sa hannu.

Inna ta ce sun hango jirgin yana hawa yana sauka cikin ruwan sama, ya ɗan karkata dama saboda gwangwanin da aka huda, masu tuƙi huɗu sun ba su baya suna tahowa gare su. Da jirgin ya iso, Sumana ya ce a shigo, yara tukuna. Ba wadda ta motsa.

Wannan wurin Inna ta fi jan sa, takan ma ajiye kifin da ke hannunta. Ruwa ya kai musu gwiwa, ga mazansu a ciki suna kira, amma matan suna kallon juna. Kowace tana tunanin abu ɗaya: idan ɗaya za a bari, wace ce, ko ɗan wace ce? Bawa yana ta kiran matarsa, Inna kuwa Sumana take kallo.

"Na ce mai, Sumana, wa zaka ba ruwa cikinmu? Ya ce, ba kowa, matar Bawa. Na ce, wancan karon ma ai ba ka ce da kowa ba. Ya ce, wancan hannuna bai kai gare shi ba, har yau ina ganinai. Na ce, to ni zan shiga. Amma gabanka zan zamna, in ga hannunka."

Haka aka yi. Ta shiga da cikinta, ta zauna a ƙasan jirgin dab da ƙafafunsa, fuskarta na duban sa, laujenta a kan cinya, hannunta a kan ƙotar. Da sauran suka ga ta shiga sai suka fara miƙa yara.

"Inna, da kin ga ya yi wani abu, da kin sare shi?" yayata ta taɓa tambaya.

"Da na sare shi."

"Shi ya sani?"

"Ya ga laujen. Ruwa yaka kallo bisa kaina, yana hwaɗa ma su Bawa su ja, su sassauta, su ja."

Ba su shiga duka a tafiya ɗaya ba, sai da aka koma, aka sake komawa. Inna ta ƙi sauka. Ta ce tun da ta fara gadin hannunsa, sai ta ga ƙarshe. A tafiya ta ƙarshe igiyar ruwa ta faɗo musu a ciki, jirgin ya cika har benci, mata suna zaune cikin ruwa zuwa ƙugu suna kwarfa da ƙorai. Duk kwalekwalen da ya sha ruwa haka ya tafi. Ja-da-baya ya yi nauyi, ya karkata, amma bai nutse ba. Suka iso gaɓa ana kiran magariba. Kowace uwa ta laluba 'ya'yanta, kowane miji ya nemi matarsa. Ba wanda ya ɓata.

Da muna yara mun ɗauka nan ne labarin zai juya, a ɗauki Sumana a kafaɗa, Sarkin Ruwa ya nemi gafara. Ba haka aka yi ba. An yi masa godiya, an kai masa shinkafa. Amma da zazzaɓi ya ɗauki wata tsohuwa cikin waɗanda aka kwaso, bayan wata biyu, sai aka ce to ga ta nan, jinkiri kawai aka yi.

Sai dai ba a sake mayar da jirgin tudu ba. Aka gina masa rumfa a bakin ruwa, aka rataye wani tsohon ƙarfe a jikin bishiya, duk wanda ya ga hatsari ya buga. Da an ji ƙarar, masu tuƙi huɗu su bar abin da suke yi su ruga. Su Bawa suka tsufa suka koya wa ƙannensu, ƙannen suka koya wa 'ya'ya. Ja-da-baya ya tsallakar da mata masu naƙuda zuwa inda za a sami mota a kai su Bagudo. Ya tsamo Fulani da ruwa ya raba da shanunsu wajen ƙetarewa. Ya tsamo 'yan fasa-ƙwauri da jarkokinsu, wata rana kuma ya tsamo jandarmomin tsallaken iyaka da suka biyo su, aka shanya su gaba ɗaya a bakin wuta ɗaya ba mai kallon wani. Ba kullum ake dacewa ba. Duk ranar da aka rasa wani, sai tsohuwar maganar ta tashi ta yi kwanaki tana zagaya gidaje, sannan ta kwanta.

Wata shekara wasu mutane suka zo daga tsallaken iyaka cikin kaki, suna tambayar wani farin jirgi mai kai biyu da wani Badande dogo. Labarinsu ya riga su isowa. Kafin su sauka an tura jirgin cikin burgu, doguwar ciyawar bakin ruwa, an rufe shi da ita, Sumana kuma yana cikin rumbun Sarkin Ruwa. Duk tungar, har liman, aka ce ba a taɓa ganin irin wannan jirgi ba. Da suka tafi aka shafe farin da kwalta.

"Me suka ce ya yi, Inna?"

"Ba su hwaɗa ba. Mu ma ba mu tambaya ba, kada su ga mun damu."

"To ai kun ce ba ku yarda da shi ba. Me ya sa kuka ɓoye shi?"

"Su ɗin mun yarda da su? Shi aƙalla mun san inda yaka kwana."

Sumana bai yi aure a tungar ba. Ya nema, ba wanda ya ba shi. Tun daga ranar gungu har ya mutu, kullum Inna sai ta aika masa da tuwo, kuma na farkon kwasa take zuba masa. Amma akwai abin da takan faɗa ba tare da muryarta ta canza ba, wanda ni kuwa ya tsaya mini a rai. Ranar sunan babana, Sumana ya zo da ƙaton kifi, ragon ruwa, a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce a ba shi yaron ya gani, tun da tare suka ƙetare. Inna ta ɗaga jaririn daga inda take zaune ta nuna masa.

"Ya miƙo hannu. Na ce barci shikai. Ya ce to, Allah shi raya. Bai sake tambaya ba, ni kuwa ban taɓa ba shi ba, har ubanki ya yi ƙahwa."

Ya mutu da tsufa, a kan tabarmarsa, ciwon ƙirji. Kakana ne ya yi masa wanka. Ba wani dangi da ya zo. Bayansa jirgin ya ƙara wasu shekaru yana aiki, har jirage masu inji suka shigo, katakonsa kuma ya fara shan ruwa fiye da yadda ake iya kwarfewa. Aka ja shi gindin tsamiya. Ba wanda ya yarda ya sa katakonsa a murhu.

Na taɓa tambayarta kai tsaye ko Sumana mutumin kirki ne. Ta tona wuta, sannan ta amsa.

"Ban sani ba, Takwara. Abin da ya yi na gani. Abin da ya kawo shi ban gani ba. Ku tashi, kihi ya yi."

Ina yarinya, Inna ce jarumar labarin a wurina, mace mai ciki da lauje a tsakiyar kogi. Da na yi karatu na zama malamar makaranta sai na juya. Na riƙa jin haushin tungarmu, har da ita. Mutum ya ba su ƙarfinsa da shekarunsa, su kuma suka ba shi tuwo daga nesa. Na yi ta cewa a raina da ni ce da ban yi haka ba. Inna ta rasu ina kan wannan ra'ayi, ban kuwa taɓa gaya mata ba.

Shekarun baya kaɗan ruwa ya sake yin irin tasa. Ina zaune da iyalina a wani gari a wajen Kaoje, maigidana ya yi tafiya, ambaliya ta yanke mu daga hanya. Muka taru a filin makaranta da abin da muka iya ɗauka. Sai ga jirgi mai inji ya shigo ta kan gonaki. Mai shi wani ɗan kudu ne, Kirista, mai sayar da kayan gyaran inji a kasuwa, wanda muka sani da fuska amma ba mu taɓa sanin gidansa ba. Yana ta kwasar mutane zuwa tudu tun safe, ba ya karɓar komai. Ina tsaye da goyon autana sai na ji bakina yana tambayar maƙwabciyata, a hankali, "Shi kuwa wannan mene ne ribarsa?" Ban shirya faɗa ba. Fitowa kawai ta yi, da muryar da na sani.

Da layi ya zo kaina, ruwa ya kai mini cinya, gefen jirgin kuma yana da tsawo. Ba yadda zan hau da goyo. Mutumin ya sunkuyo ya miƙo hannu biyu.

"Malama, kawo yaro."

Na tsaya. Ba daɗewa na yi ba, amma na tsaya, kuma ya lura. Bai janye hannunsa ba. A wannan ɗan tsakanin na daina jin haushin Inna. Na gane ba ƙin Sumana take yi ba. Abin da ke hannunta ne ba ta da wani kamarsa, kuma ba wanda ya taɓa ba ta tabbacin da take nema, domin babu mai shi. Na kuma gane abin da hannu a miƙe yake ji idan an bar shi a miƙe.

Na kwance goyon na ba shi. Ya rungume shi a ƙirji da hannu ɗaya, ya kama ni da ɗayan na hau. Yaron ya farka ya kama masa gemu yana ja, mutumin ya yi dariya ya ce wannan zai yi ƙarfi. Bai miƙo mini shi nan da nan ba, sai da ya ga na zauna daram. Ni kuwa tun da yaron ya bar hannuna har ya dawo, idona bai bar yatsun mutumin ba ko sau ɗaya. Na ba shi ɗana, amma ban iya daina kallo ba. Iyakar inda na iya kaiwa ke nan, kuma ban sani ba ko 'yata za ta wuce ni.